Jakar da Ba Ta Karɓar Saƙo

Duk wanda aka kawo mini koyon aiki a shagon nan, kafin ya zauna sai ya ɗaga kai ya dubi jakunkunan da ke rataye, ya ce, ko da baki ko da fuska, ai wannan ba wani abu ba ne: gefe huɗu, gindi, hannu da zif. Ba na musu da kowa. Mai yiwuwa ma kuna da gaskiya ta wani ɓangaren, domin ban taɓa ɗinka jaka mai gefe biyar ba. Amma tunda kun yi yawa, kuma muryata ba ta isa ga na baya idan keke yana aiki, na ga gara in rubuta muku labarin wata jaka da na ɗinka a Alƙahira. Idan kun karanta kuka ga har yanzu aikin mai sauƙi ne, ba laifi, wataƙila ni ne ban iya bayani ba.

Ni ban gaji dukanci ba. Karatun Shari'a ne ya kai ni Masar, na gama a shekarar 2011, tallafin karatu kuma ya ƙare tare da jarrabawar ƙarshe. Na zauna ina neman a ɗauke ni karatun gaba, ina kwana a wani bene a unguwar Ainu Shams da mu 'yan Arewa muke haya tare. A ƙasan benen akwai shagon wani Bamisire mai ɗinka jaka, Usta Ragab. Usta shi ne sunan da suke kiran gwanin sana'a, wanda ake koyo a hannunsa. Ranar da hannun jakar littattafaina ya tsinke na kai masa, ya ɗinke shi kafin shayinsa ya huce. Na tsaya ina ja, ina juyawa, ina tambayarsa ko ya tabbata ɗaya hannun ba zai tsinke ba, ko zaren yana jure zafi, ko ba gara a ƙara layi ɗaya ba. Ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, “Ya Sheikh, tun da na fara aikin nan ban ga mai zargin jaka irinka ba. Zo gobe ka zargi nawa kafin masu saye su zarge su.”

Aikina na farko ke nan, neman aibi. Daga nan aka ba ni gam da buroshi, na yi watanni hancina bai san wani wari ba sai nasa. Sannan aka ba ni kwali da alli, domin kowace jaka sai an fara yanka ta a kwali kafin a taɓa fata. Wuƙa ce ta zo a ƙarshe, ita da basilla da zare mai kaki. Ku da kuke ɗokin hawa keke tun makon farko, ku sani yadi yana yafiya, fata ba ta yi. Idan basilla ta huda inda bai kamata ba, ramin nan yana nan har jakar ta mutu. Shi ya sa nake auna abu, in ajiye, in sake aunawa, in je in sha ruwa, in dawo in auna. Usta yakan ce da ni ne aka ba ginin dalar Giza, da har yau ana kan dutsen farko.

Wani mai gyaran wuta ya taɓa zuwa yana son jakar kayan aiki. Ya tsaya a bakin ƙofa yana zana ta da hannu a iska, tsawonta kaza, faɗinta kaza. Usta bai ko ɗago ba, ya ce ya je ya kawo kayan. Mutumin ya ce ai ya san kayansa. Usta ya ce ya je ya kawo. Da ya zube su a tebur sai ga wata doguwar sukurdireba da ta fi jakar da ya zana tsawo. A nan na koyi dokar farko ta sana'ar: ba a sauraren mai jaka, kayansa ake saurare. Na riƙe wannan doka sosai, ina jin. Abin da ban iya bari ba shi ne wani hali nawa na ƙara ɗan wuri. Idan na gama auna kaya sai zuciyata ta ce, to idan ya sayi wani abu gobe fa? Idan ya so ya saka magani fa? Sai in ƙara aljihu, in ce ko da za a buƙata. Na yawaita faɗin haka har Usta, wanda bai san Hausa ba, ya haddace “ko da”, yana kirana da ita idan yana son tsokana.

Yawancin aikinmu na masu shaguna ne da ke sayar wa 'yan yawon buɗe ido kaya a Giza, jakunkuna masu hoton raƙumi da aka buga da ƙarfe mai zafi. A shekarar 2013 gari ya rikice, baƙi suka ɗauke ƙafa. Masu shaguna suka daina aiko da oda, wasu ma suka dawo mana da raƙumanmu. Wuta tana ɗaukewa a tsakiyar ɗinki, ga dokar hana fita. Ma'aikatan shagon suka tafi ɗaya bayan ɗaya, wannan ya koma ƙauye, wancan ya koma tuƙin tuk-tuk, wato adaidaita-sahunsu, har ya rage daga Usta sai ni. Wata safiya ya zuba mini shayi da kansa, abin da bai taɓa yi ba, na san babu lafiya.

Ya ce, “Ma'alish, ka yi haƙuri, ya Sheikh. Shagon nan ba ya iya ciyar da mutum biyu. Idan wata ya ƙare babu aiki, kai ma ka nemi wani abin. Kullum kana ce mini mutanenku sun cika Alƙahira. Su ba su riƙe jaka ne?”

Na ce suna riƙewa, sai dai yawancinsu ɗalibai ne, kuma ɗalibi ba ya sayen sabuwar jaka sai tsohuwar ta rasa inda za a ɗinke. Ya ce to in nemo wanda ba ɗalibi ba. Ni kuwa idan na rasa teburin nan, ba ni da abin da zai riƙe ni a Masar har karatun ya samu.

A wani taron suna a Muhandisin na haɗu da Injiniya Bashir, mutumin Katsina, dattijo mai fara'a da ke aiki da wani kamfani a unguwar. Da ya ji sana'ata ya ja ni wajen motarsa, ya buɗe but, ya nuna mini wata babbar leda ta kanti. Ya ce shi yana da lasisin tuƙa ƙaramin jirgin sama, na sha'awa ba na aiki ba. Duk Juma'a bayan masallaci yakan je wani ƙaramin fili a bayan gari ya hayi jirgi mai kujera biyu ya tashi. Kayan tuƙin ne a ledar, kuma abokansa a filin sun fara yi masa dariya.

Na bi doka, na ce ya kawo kayan shago. Ya zube su a tebur: abin kunne mai makirfo da doguwar waya, taswira a ninke, kwamfutar hannu, tocila, batura, tabarau na rana, wata 'yar kwalba da ake tsiyayo man jirgi a duba ko ruwa ya shiga, littafin da yake rubuta tashinsa, da gorar ruwa. Ya gargaɗe mu da abu ɗaya, kada a sa maɓalli mai maganaɗisu, domin yana iya rikita allurar da ke nuna masa gabas da arewa. Na rubuta wannan, na ja layi a ƙarƙashinsa, na kuma karanta masa don ya tabbatar.

Usta ya ɗauko fatar saniya mai launin goro da yake ɓoyo, ya ce a nuna wa Injiniya aikin Ainu Shams. Ni kuma da na zauna da kwali na fara tunanin mutum shi kaɗai a sama. Idan lokacin salla ya same shi a filin fa? Na ƙara wurin darduma. Idan sanyi ya kama shi? Wurin rigar sanyi. Na ƙara aljihu a gefe, da wani a ɗaya gefen don kada ta karkace, da babba a baya wanda ban san na mene ne ba, ko da dai. Jaka ta fito kyakkyawa, ba na jin akwai mai musun wannan. Kayan Injiniya kaf sun zauna a kusurwa ɗaya, sauran wurin kuwa fili ne fetal. Ya yaba, ya rataya, ya tafi. Usta ya ce idan abokansa matuƙa suka gani suka zo, to an sami hanya.

Abin da ban lissafa ba shi ne masallacin Juma'a. Akwai wani masallaci a Muhandisin da mutanenmu ke taruwa, bayan salla a tsaya a gindin bishiya a gaisa. Injiniya ya zo da jakarsa a kafaɗa tunda daga can zai wuce fili. A wurin akwai Malam Tukur, babba a benenmu, Bazamfare da ya daɗe yana digirin digirgir har yaran da ya tarba a filin jirgi sun gama sun koma sun bar shi. Kun san halinmu da matafiyi, ba a barin mutum ya tafi gida hannu sake. To Malam Tukur shi ne gidan wayarmu. Ƙarƙashin gadonsa cike yake da saƙonnin mutane masu jiran mai tafiya, kuma yana jin ƙanshin tikiti tun kafin a saye shi.

Ya shafa jakar ya ce, “Masha Allah, Injiniya. Tafiya ta kama ne?”

“A'a, Allah gafarta Malam, ta jirgi ce.”

“Wane jirgin?”

“Wani ɗan ƙarami da nake tuƙawa.”

Malam Tukur ya gyara tsayuwa.

“Da kanka?”

“Da kaina, amma ba wani wuri nake zuwa ba. Tashi nake in zaga in dawo.”

“Ka dawo ina?”

“Inda na tashi.”

Malam Tukur ya yi dariya har da riƙe hannun Injiniya. Ya ce, “Injiniya ke nan, akwai ɓoye ni'ima. Mutum ya sayi mai, ya hau sama, ya dawo inda ya tashi! Ba komai, mun gane. Ba mai ji a bakinmu.”

Kafin la'asar duk Ainu Shams ta ji cewa Injiniya yana da jirgi, kuma yana leƙa gida duk mako ya dawo.

Juma'ar da ta biyo aka tare shi tun a wurin takalma. Kowa da ɗan abinsa, kuma kowa yana cewa ɗan ƙarami ne. Ga man zaitun na kakar wani a Gusau, ga habbatus sauda, ga jallabiyar surukin wani, ga juzu'in tafsiri da aka nannaɗe da jarida. Injiniya yana bayani, ana ce masa Allah ya kiyaye hanya. Ya ce wallahi jirgin ko Aswan da ke nan cikin Masar ba ya kaiwa da shi, Malam Tukur ya ce to ko a hanya ya ajiye, akwai mai karɓa. Da aka tambaye shi ko akwai wuri, mutum ne da ba ya ƙarya, ya kasa cewa babu. Malam Tukur ya zuge zif da kansa. Ina tsaye ina kallo aka cika wurin darduma, aka cika wurin rigar sanyi, aka cika aljihun dama da na hagu. Babban aljihun baya, wanda ban san na mene ne ba, ranar na sani: kwalin dabino ya shige shi kamar da shi na auna.

“Wanda ya ɗinka wannan jaka ya san zumunci,” in ji Malam Tukur. Ya waiwayo ya dafa kafaɗata. “Allah ya yi maka albarka, Habibu.”

Na ce amin.

Bayan makonni kaɗan motar Injiniya ta tsaya a ƙofar shago. Ya sauke jakar a tebur, ya koma ya buɗe but da kujerar baya, duk saƙo ne. Ya ce falonsa ya zama sito, Hajiyarsa ta daina yi masa magana sai ta bakin yara. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya dame shi, an fara bugo waya daga gida cewa saƙo bai iso ba, kuma ya ji ana cewa wai a yi hattara da ba shi amana.

Ya ce, “Malam Habibu, shekaruna a garin nan ba wanda ya taɓa kiran sunana da cin amana sai da na rataya jakarka. Lokacin da nake yawo da leda ba wanda ya kula ni. Ga ta nan. Ko ku san yadda za ku yi, ko in sa a sayo mini wata daga waje, ko in koma ledata.”

Na fassara wa Usta. Ya kasa gane inda matsalar take.

Ya ce, “Ya ce musu a'a mana, khalas, shi ke nan!”

Na yi masa bayani cewa a wurinmu ba a ce wa malami dattijo a'a a gaban jama'a, musamman idan ya riga ya yi maka addu'a. Ya ce to a sa kwaɗo. Na ce Malam Tukur zai nemi mabuɗi, kuma yana da haƙurin jira. Ya ce a ce ta cika. Na ce za a buɗe a duba, ba don rashin yarda ba, don a taimaka maka da shiri. Usta ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana kallona kamar yau ya fara ganin irinmu. Sannan ya jawo ragowar fatar nan mai launin goro ya shimfiɗa. Ba ta da yawa, kuma babu wata bayanta.

Ya ce, “Mutanenka ne, kai ka san ciwonsu. Yanka. Amma idan wannan ta dawo, kai da ita za ku fita tare.”

Kafin in taɓa kwali sai da na mayar da saƙonnin. Na hau bene na sauka ina bin ɗaki ɗaki, ina ba kowa nasa, ina cewa an samu ɗan jinkiri. Wasu suka karɓa da fushi. Malam Tukur ya karɓi nasa cikin natsuwa ya mayar ƙarƙashin gado, ya ce ba komai, Juma'a tana nan tafe.

A kan wannan maganar na zauna na yi tunani, kuma abin da na fahimta, idan ban yi kuskure ba, shi ne Injiniya ba zai iya cewa babu wuri ba sai idan da gaske babu. Bakinsa ba zai faɗa ba, dole jakar ta faɗa a madadinsa. Kuma ba wai ta yi kama da cikakkiya ba, a'a, ta cika ta yadda idan gwanin cusa kaya ya bincike ta zai sallama da kansa.

Na roƙi Injiniya ya kai ni filin in ga inda jakar ke zama. Jirgin da na gani, da a ce ba shi da fukafukai, da na ce tuk-tuk ne aka yi wa fenti fari. Na shiga da ƙyar, gwiwata a haɓata, na auna ɗan gurbin da ke bayan kujera. Na ga yadda yake miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba ya laluba, na gane cewa kowane abu yana buƙatar wurinsa da hannu zai same shi ido na kallon gaba. Ya kuma gaya mini a irin wannan jirgi komai sai an yi lissafin nauyinsa, har shi kansa. Da na gama ya ce tunda na zo, in ɗaura bel mu zaga sau ɗaya. Na ce ba wai tsoro nake ji ba, sai dai ban sanar da kowa a gida ba, kuma awon da na zo yi na ƙasa ne. Ya ce daga sama ana ganin dala. Na ce na gan su daga ƙasa, kuma sun ishe ni.

Wannan jaka ita ce aiki mafi wuya da na taɓa yi, ga ta kuma ƙarama. Na yanka ta a kwali, na zuba kayan, na girgiza. Duk inda na ji motsi, wuri ne, sai in rage. Abin kunne na yi masa gida da soso daidai siffarsa, wayarsa ma da nata ɗan rami a naɗe. Tocila da kwalbar mai kowace da kubenta kamar wuƙa. Wurin taswira na yi shi daidai kaurin taswirar, idan ta shiga ko takarda ba ta bin bayanta. Kowane shamaki na ɗinke shi har gindi, shafin ciki na manne shi da gam don kada a sami inda za a zura ambulan. Babu aljihu a waje. Babu zobe, babu ƙugiya. Hannun ma na gajarta shi ya kwanta a jiki, yatsu huɗu ke shiga, don na san idan ciki ya gagara za a nemi inda za a ɗaura leda. Sau da yawa hannuna yakan kauce da alli ya bar ɗan sarari a gefe. Usta yana daga can sai ya buga tebur da guduma.

“Mafish ko da, ya Sheikh!” Wato babu ko da.

Sai in goge in dawo kan layi.

Ranar Juma'a na je masallacin da wuri na zauna inda zan iya fita da sauri. Bayan salla aka taru a gindin bishiya. Malam Tukur ya zo da jakar leda biyu, wasu ɗalibai na biye da shi da nasu. Da ya ga abin da ke kafaɗar Injiniya ya tsaya.

“Ina babbar?”

“Ta yi wa jirgin yawa, Malam. Wannan ce daidai gurbin.”

“To akwai ɗan wuri?”

Injiniya ya miƙa masa ita. Malam Tukur ya tsuguna a kan tabarma, ya zuge zif, ya leƙa. Ya ɗauko juzu'in tafsiri ya gwada a tsaye, ya gwada a kwance, ya ajiye. Ya ɗauko kwalbar man zaitun, ya dubi gorar ruwa.

“Wannan ruwan dole ne?”

“Malam, a sama babu famfo.”

Ya ajiye kwalbar. Ya ɗauko 'yar ƙaramar kwalbar turare, wadda ba ta wuce ɗan yatsa ba, ya bi kusurwa kusurwa da ita. Ni ina baya ina ta salati a zuci, domin akwai wani lungu kusa da batura da ban gama yarda da shi ba. Ya kai wurin, ya danna, ya juya, ya sake dannawa. Ba ta shiga ba. Ya zaro ambulan daga aljihu ya nemi bayan taswira, ambulan ya lanƙwashe. Ya rufe jakar, ya juya ta, ya shafa bayanta, ya ɗaga hannun ya gwada zura bakin leda, yatsansa ya maƙale sai da wani ɗalibi ya taya shi cirewa. Jama'a suka fara dariya ƙasa ƙasa.

Ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya miƙa wa Injiniya jakarsa da hannu biyu.

Ya ce, “Ka fita, Injiniya, babu wuri. Na duba da kaina, kowa shaida ne.” Sannan ya ɗaga murya don na baya su ji. “Amma wanda ya ɗinka wannan abu ba shi da dangi a duniya.”

Ya san ni ne. Kwana da kwanaki ba ya amsa gaisuwata sai da kai.

Abokan Injiniya matuƙa ba su zo ba, ko ɗaya. Waɗanda suka zo mutanenmu ne da ke tsaye a gindin bishiyar ranar, suna kallo. Na farko wani ma'aikacin ofishin jakadanci ne da ke yawan zuwa gida. Ya shigo shago yana waige, ya ce yana son jakar hannu irin ta Injiniya, ya zube kayansa a tebur tun kafin a tambaye shi. Bayansa wani ɗan kasuwa mai safarar yadi, sannan wata Hajiya mai kawo marasa lafiya asibiti, wadda ta ce ita shekara da shekaru ba ta taɓa shiga jirgi da kayanta kaɗai ba. Kowa ya roƙi kada a ce ya zo. Wa'adin da aka ba ni ya wuce, ni ina jiran Usta ya zuba mini shayi. Bai zuba ba. Ya turo mini kwali da alli ya ce, “Yalla, maza, waɗannan wa zai yanka su, ni?”

A teburin nan na zauna har karatuna ya samu, na haɗa biyun.

A shekarar 2015 Allah ya nufi Malam Tukur ya gama digirinsa. Labari ya bazu cewa zai koma gida, kuma kun san abin da wannan yake nufi ga mutumin da ya ɗora wa kowa kaya shekara da shekaru. Wata rana da hantsi, lokacin da 'yan benenmu suke makaranta, ya shigo shago da ƙunshi a hammata. Ya zube a tebur: takardun shaidarsa, Alƙur'ani, tabarau, magunguna, da kaya kala ɗaya.

Ya ce, “Habibu, irin waccan. Kuma wannan magana tsakanina da kai.”

Na ɗinka masa da iyakar ƙoƙarina, domin babba ne kuma yana da haƙƙi a kaina. Ranar da ya zo karɓa na riga na tanadi wata 'yar kwalbar man habbatus sauda, mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa a lokacin. Na jira ya gama zuba kayansa, ya zuge zif, ya rataya. Sannan na fito da ita daga aljihu, na ce Allah gafarta Malam, 'yar ƙarama ce, ko akwai ɗan wuri?

Ya sauke jakar, ya buɗe, ya turo mini ita a kan tebur. Ya ja kujerar Usta ya zauna, ya harɗe ƙafa.

Ya ce, “Duba da kanka, ɗan ƙanena. Ba sauri nake ba.”